Motar Madina Ta Ƙofar Legon Take Bi

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kawo mu ƙarshen wannan shekarar karatu lafiya, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Muna gaida malamanmu, muna gaida iyayenmu maza da mata, muna gaida ƙannenmu da za su gaji bencinanmu.

Al'adar wannan littafi ita ce 'yan ajin ƙarshe na sanawiyya su yi godiya, su nemi gafara, su yi ban kwana. Duk mun yi a zuci, kuma za mu yi da baki ranar walima. Amma wannan shafi da aka ba mu, muna neman izini mu kashe shi kan wata gardama da ta hana mu sakat tun kafin azumi.

Wata rana ce bayan La'asar, muna zaune a barandar masallaci muna jiran darasin Nahawu, wani a cikinmu ya jefo tambaya: wai wace jami'a ce ta fi wuyar shiga a duniya? Mai waya ya yi maza ya ce Harvard ta Amurka, ya karanto mana cewa a 2022 mutum 61,220 suka nema, aka ɗauki 1,954. Wato cikin ɗari, uku da 'yan kai. Wani ya ce ai wannan wasa ne, a Sin yara fiye da miliyan 13 suka yi rajistar jarrabawar shiga jami'a a 2024, kowa idonsa na kan Peking da Tsinghua. Na uku ya ce ku bar zancen ƙasashen da ba ku taɓa gani ba, yayansa shekara uku ke nan yana tura takardu Jami'ar Musulunci ta Madina, har yau shiru. Wata 'yar'uwarmu daga bayan labule ta ce duk ku yi shiru, ku je ku tambayi wanda ya nemi likitanci a Legon. Murya ta hau, har da rantse-rantse.

Malaminmu na Nahawu ya iso ya tarar da mu a haka. Ya saurara kaɗan, sannan ya ce, "To, madalla. Cikinku wa ke da takardar da zai cika fom ɗin Legon da ita gobe?" Waɗanda suka ɗaga hannu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma duk cikin masu zuwa sakandaren boko ne a ranakun mako, su zo mana Asabar da Lahadi. Mu da muka bi Arabiyya zalla, kowa ya sunkuyar da kai. Malam bai ƙara komai ba, ya buɗe littafi.

Tun daga ranar muke juya maganar, kuma ga inda muka tsaya. Wancan uku cikin ɗari na Harvard, ƙidayar waɗanda suka riga suka shiga layi ne. Kowane ɗaya cikin dubu sittin ɗin nan ya gama sakandaren da ake karɓar takardarta, yana rubuta Turanci, yana da malaman da za su rubuta masa wasiƙar shaida, kuma akwai wanda ya taɓa gaya masa cewa wurin yana nan, ana nema. An ce ma idan suka ɗauki ɗan talaka su ke biya masa komai. To amma mu ba ma cikin ukun, ba ma cikin casa'in da bakwai ɗin. Jami'ar da ta fi wuya a wurin mutum ita ce wadda ba shi da takardar tsayawa a layinta. Da wannan ma'auni, abin da muka gano ya ba mu kunya: a wurin ɗan sanawiyya na Nima ko Mamobi, Madina ta Saudiyya ta fi Legon kusa.

Duk wanda ya taɓa taya Mma ɗaukar kaya daga Makola ya san tashar Tema. Nan ake cika motocin Madina, tamu ta nan Ankara. Yaron mota na rataye a ƙofa yana kira, "Madina, Madina, Legon!" Mota ta bi ta 37, ta wuce filin jirgi, ta wuce Shiashie da Okponglo, sai ga ƙofar jami'a a hannun hagu. Nan za ka ga samari da 'yan mata sa'o'inmu suna sauka da jaka a baya. Mu kuwa sai mu matsa musu su fita, mu zarce Zongo Junction wurin biki ko suna. Daga Nima zuwa wannan ƙofa kamar kilomita 10 ne. Daga nan zuwa birnin Manzo ya fi kilomita 4,000. Amma a unguwarmu, ka tambayi kowane yaro hanyar ta biyun, zai zayyana maka. Ka tambaye shi ta farkon, kuɗin mota kawai ya sani.

Hanyar Madina mun san ta domin malamanmu sun taka ta. An kafa jami'ar a 1961 musamman don 'ya'yan Musulmin duniya, kuma tun zamanin kakanninmu 'yan Gana ke zuwa suna dawowa. Abin da take nema duk yarenmu ne: shahadar sanawiyya, fasfo, shaidar lafiya, da tazkiyya daga malamai ko cibiyar da aka sani. In an ɗauke ka ba ka biyan kuɗin karatu, ga masauki, ga alawus duk wata, ga tikitin jirgi. Wanda Larabcinsa bai nuna ba sai a fara sa shi a ma'ahadin koyon harshe. Wuyarta ita ce duniya duka ke nema, daga Indunisiya har Senegal, kowace ƙasa kuma ɗan kasonta kaɗan ne. Sannan akwai agogo: ba a son wanda ya haura shekara 25, ba a son shahadar da ta wuce shekara 5 da fita. Shi ya sa za ka ga yayyenmu a majalisar ataya, kowa na leƙa imel ɗinsa kamar mai duban wata. Shekara ta wuce, a ce a sake turawa. Wata ta wuce, a ce wane ya samu, kai ma naka na tafe. Wasu suna samu, muna raka su filin jirgi da murna. Da yawa kuma agogon ne ke cinye su, su wayi gari ba Madina, ba sana'a, ba takardar boko. Ba mai rubuta sunayen waɗannan a littafin shekara.

Azhar ta Masar ta fi faɗin ƙofa, ga ta da shekara fiye da dubu, amma ita ma tana da tata tambayar: shin shahadar makarantarku tana da mu'adala a wurinmu? In babu, sai a gwada ka, a mayar da kai ajin da suka ga ya dace, ko da kana ganin ka wuce nan. Wanda bai samu minha ba kuma, zaman Alƙahira da aljihun gida ne. Khartoum a da mafaka ce ga ɗaliban Afirka ta Yamma, Jami'ar Afirka ta ɗauki namu da yawa, sai yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, ɗalibai suka gudo da abin da hannu ya iya ɗauka. Akwai ta Say a Nijar, wadda ta fara aiki a 1986. Duk waɗannan ƙofofi alheri ne, Allah ya saka wa masu su. Sai dai kowace tana rataye ne da kyautar wata ƙasa da zaman lafiyar wata ƙasa. Ranar da aka rufe, ba mu da wanda za mu kai wa ƙara.

To Legon fa, wadda aka kafa a 1948, wadda harajin da ake karɓa a hannun iyayenmu a kasuwa yake ciki? Ita ba ta tambayar tazkiyya. Takardar da ta fi karantawa ita ce sakamakon WASSCE. Darasi shida ake ƙirgawa, uku na dole, ciki har da Turanci da Lissafi, da uku na zaɓi, kuma kowanne sai ya faɗa tsakanin A1 da C6. Ka samu D7 a Lissafi, ko da sauran duk A1 ne, ka tsaya. Ana haɗa makin a fitar da jimilla, wadda kowa ke kira agiriget, kuma nan ƙarami shi ne babba: 6 ita ce ƙololuwa. Mai son likitanci a Korle Bu sai jimillarsa ta tsaya dab da 6 ɗin nan, kuma ko hakan sai ya sake zama wata jarrabawa, a kuma gana da shi. Haka lauya, haka injiniya a KNUST ta Kumashi, layin ya cika da yaran Presec da Achimota da Prempeh. 'Yar'uwarmu ta bayan labule ba ta yi ƙarya ba.

Amma mu ba likitanci ma muke magana ba tukuna. A cikin Legon ɗin nan ana koyar da Larabci, tare da Sinanci da Rashanci da Sawahili. Ku duba wannan abu. Yaron da ya samu C6 a Lissafi, bai taɓa ganin alif ba, zai iya shiga ya fara daga ba, ta, sa, ya fito da digiri. Mu da muka haddace Ajurumiyya, muka shiga Alfiyyar Ibn Malik, muka sauke Risala, muke i'irabin aya a tsaye, ba mu da hurumin sayen fom. Ba mu ce a hana shi ba, Allah ya ƙara masa. Muna dai cewa wanda duk ya ga wannan bai ji komai a ransa ba, bai duba da kyau ba.

Akwai wata 'yar ƙofar gefe, ta manyan ɗalibai. Sharaɗinta mutum ya kai shekara 25, ya yi kwas na share fage, ya ci jarrabawa. Wato shekarar da Madina ke rufe maka, ita ce Legon ke ɗan buɗe maka taga. Tsakanin 17 da 25 kuma, shekara takwas, me mutum zai yi?

Maganar 'yan'uwanmu mata ta fi tamu nauyi, kuma ba mu cika faɗinta ba. A ajinmu kowa ya san su waye ke zuwa na ɗaya a Tajwidi da Fara'id, ba maza ba ne. Jami'ar Madina tun kafa ta da maza aka san ta. Sauran jami'o'in Saudiyya da ke ɗaukar mata daga waje galibi suna sharɗanta muharrami. Azhar tana da kwalejojin mata, amma uba nawa ne a Mamobi zai sa 'yarsa mai shekara 18 a jirgi ita kaɗai zuwa Alƙahira? Ƙofar da ta rage mata ita ce ta gida, wadda za ta je da safe ta dawo ta kwana a ɗakin Mma. Ita ce kuma wadda shahadarta ba ta buɗewa. Makarantar Accra Girls a Mamobi take, wasu 'yan ajinmu ta jikin katangarta suke bi kullum su zo nan. Sai yarinya ta gama sanawiyya da daraja mumtaz, a yi walima, a ba ta kyautar atamfa, wata na gaba tana rumfar Makola tana auna yadi, kafin a kawo goro. Ciniki ba abin kunya ba ne, da shi aka raine mu, aure kuma sunna ne. Amma da ita ta zaɓa da ya fi daɗi. Kuma iyayenmu mata su ne ke cewa sun fi son mace ta duba su a asibiti. Daga ina wannan macen za ta fito?

Mun san amsar da wasu dattawa za su bayar, kuma ba mu raina ta. Za su ce ilimi don Allah ake yi, ba don takarda ba. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya taso daga Kano ya zauna Salaga, ya rasu a 1934, wace jami'a ya shiga? Ga Maulana Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, Babban Limamin ƙasa, shugabannin ƙasa ke zuwa Fadama gaishe shi, da WASSCE ya samu wannan? Za su kuma tuna mana dalilin da ya sa kakanni suka ƙi boko: makarantun mishan ne, yaro ya shiga da sunan Musa ya fito da wani suna. Wannan tsoro ba na banza ba ne, shi ya tsare mana addini har ya iso mu.

Abin da za mu ce cikin ladabi shi ne, a zamanin Alhaji Umaru ijazar malami ita ce takardar, kuma duk inda ya je da ita, daga Kano har Salaga, ana karanta ta. Da ita ake zama alƙali, da ita ake zama marubucin sarki. Yau an canza mai karatun takarda, ba mu muka canza shi ba. Kuma maganar gaskiya, ba mu ne muka fara neman takarda ba. Makarantarmu da kanta take buga shahada mai hatimi, take sa mu jarrabawa, take rubuta daraja. Tunda har an yarda a ba mu takarda, to a ba mu wadda ke buɗe ƙofa fiye da ɗaya.

Ko wanda ya samu Madina ma bai tsira daga Legon ba, jinkirta ta kawai ya yi. Muna ganin malamanmu matasa da suka dawo da lisans a Shari'a ko Hadisi. Sai an kai takardar hukumar GTEC ta tantance. In aikin koyarwa na gwamnati ne, ga jarrabawar lasisin malamai, da Turanci. In digiri na biyu ne a nan gida, da Turanci. Mutumin da ya yi shekaru yana karatu a gefen Masallacin Annabi, ka gan shi yana koyar da aji uku kan ɗan alawus da ba ya kai shi tsakiyar wata, yana haɗawa da sayar da turare da dabino. Ba mu faɗi wannan don rage musu daraja ba, wallahi su ne fitilarmu. Su da kansu ne ke ja mu gefe suna cewa, kada ku yi irin tamu, ku riƙe biyun.

A Najeriya 'yan'uwanmu sun ɗan rage wa kansu wannan wahala. Suna da hukumar NBAIS a Kaduna, tana shirya jarrabawa ɗaya ga makarantun Arabiyya da Islamiyya, Larabci da darussan addini tare da Turanci da Lissafi, kuma da sakamakonta yaro yana iya bin JAMB ya nemi Bayero a Kano ko Ahmadu Bello a Zariya. A Nijar ɗan makarantar Faransanci da Larabci yana zama bakaloriya ta gwamnati. Mu a nan kowace makaranta da tata shahada, da nata hatimi. Ba a ce ba a yi komai ba. Tun 1987 akwai Sashen Ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, sakandare ta zama kyauta tun Satumbar 2017, an kuma sa Larabci cikin jarrabawar BECE a 2024. Ƙannenmu da ke makarantun Turanci da Larabci za su ci moriyar wannan. Mu da muka riga muka yi nisa a ɗaya hanyar, jirgin ya wuce ta gabanmu.

Mu ma da namu laifin, kada a ce mun ɗora wa manya komai. Awa nawa muke kashewa a majalisa kan gardamar ƙwallo? Kowa a Nima yana alfahari da Mohammed Kudus, kuma ya cancanta. Amma ku tuna yadda aka yi: yana ɗan shekara 12 makarantar Right to Dream ta ɗauke shi daga ƙungiyar unguwa, daga nan Denmak, daga nan Ajax, daga nan Ingila. Masu neman 'yan ƙwallo har cikin lungu suke shigowa da ƙafarsu. Ba wanda zai shigo lungu neman yaron da ya iya rabon gado. Shi ne zai fita. Kuma abin dariya, mu da muke fitar da sudusi da sumuni da auli a Fara'id ba tare da kalkuleta ba, mu ne muke gudun Lissafi kamar dodo, wai na 'yan boko ne.

Saboda haka ga roƙonmu, ba mai yawa ba ne.

Ga hukumar makaranta: a sa Turanci da Lissafi da Kimiyya cikin jadawalin sanawiyya tun daga shekarar farko, da malamin da ya san manhajar WAEC, ba na cike gurbi ba. Akwai jarrabawar masu zaman kansu da ake kira Nov-Dec, ɗalibi na iya yin rajista da kansa ba sai ta hannun sakandaren gwamnati ba. A mayar da ita wani ɓangare na kammalawa, yadda saukar Alƙur'ani take. Mun san nauyi biyu ne, kuma wani littafin zai ɗan jinkirta. Mun yarda a ƙara mana shekara guda in ta kama. Shekara guda a aji ta fi takwas a majalisa. Idan kuma shugabannin makarantun Nima da Mamobi da Fadama da Sabon Zongo da Madina za su zauna su fitar da shahada ɗaya, su kai ta gaban gwamnati da murya ɗaya, to sun yi wa jikokinsu aiki. Mun san akwai Tijjaniyya, akwai Ahlus-Sunna, akwai kowa. Lissafi dai ba shi da ɗariƙa.

Ga yayyenmu da Allah ya sa suka shiga Legon da KNUST da Cape Coast da UDS ta Tamale, da Jami'ar Musulunci ta nan East Legon: kun san ranar da ake fara sayar da fom, kun san wane kwas ke karɓar wace jimilla, kun san inda ake neman tallafi. Mu ba mu sani ba, iyayenmu ba su sani ba. Asabar ɗaya a wata ta ishe mu.

Ga iyayenmu mata na Makola, ku ne kuke biya, mun sani. Kuna fita kafin gari ya waye, ku dawo bayan Magariba ƙafa a kumbure, kuɗin makaranta daga adashi yake fita. Ba mu ce ku ƙara ba. Muna cewa cikin abin da ake tarawa na ankon walimarmu da kujeru da kanofi da abincin baƙi, a cire kuɗin rajistar jarrabawa tukuna, mace da namiji daidai. Mun yi shawara a aji, mun yarda a yi mana walima ba anko.

Mun riga mun fara da abin da muke iyawa. Mun rubuta sunayen duk masu son zama Nov-Dec ta shekara mai zuwa, takardar tana hannun shugaban ɗalibai, kuma mata sun fi maza yawa a ciki. Biyu daga cikin 'yan ajinmu masu zuwa boko sun yarda su riƙa yi mana Lissafi, mu kuma mu riƙa yi musu Sarfu. Abin da ya rage shi ne aji ɗaya da za a bar mana a buɗe bayan Isha'i, ran Litinin da Laraba, da kuɗin wutar da za a saka a mita. Wanda Allah ya hore masa, ya ga malamin Nahawu bayan taro.

Wassalamu alaikum.

'Yan ajin ƙarshe na sanawiyya